Ɗan hakin da muka raina: filtir ɗin mai da numfashin injin tsofaffin motocinmu

 Maganar yau ta gareji ce, amma muna roƙon mata da malaman lakwal da 'yan kasuwa kada su wuce ta, don duk mai shiga motar haya maganar nan ta shafe shi.

A watan Afrilun da ya wuce, zafi ya kai inda ya kai, muna dawowa daga ɗaurin aure a Dakoro za mu Maraɗi cikin wata tsohuwar Peugeot 504 mai dogon baya, irin wadda kowa ke kira fijo. Mu tara ne ban da direba da yaronsa. A cikinmu akwai wata baiwar Allah riƙe da yaro, jikinsa zafi rau, an turo ta asibiti a Maraɗi. Ba mu yi nisa ba mota ta fara shaƙewa, ta ja ta saki, ta ja ta saki, har ta mutu. Direba ya buɗe kapo, ya ciro wani ɗan abu na roba mai kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, wanda ke kan tiyon da ke kawo mai daga tanki. Shi ne filtir, wato matacin mai. Cikinsa ya yi jajir kamar ruwan tabki. Ya hura da baki, iska ta ƙi wucewa. Sai ya ce wa yaronsa: "Kai, miƙo mini wayar ƙarfen nan." Ya soka ta, ya huda takardar da ke ciki, ya mayar da shi wurinsa. Mota ta tashi. Duk muka ce Alhamdulillahi, wani dattijo a gaba har yana cewa, "Malam direba, Allah Ya yi maka albarka, ka san aikinka." Mu ma mun yaba, ba za mu ɓoye ba.

Ba mu ƙara rabin awa ba ta sake mutuwa, wannan karon ba ta tashi ba. Dattin da filtir ɗin ke tarewa duk ya wuce ya cika karbirato. Awa uku muka yi a gindin wata aduwa, direba ya kwance karbirato a kan buhu yana wankewa yana hurawa. Matar nan sai ɗan kabu-kabu aka tare mata, ta hau da yaro a goye cikin wannan rana. Muna tsaye gaban kapo ne muka lura da abu na biyu: wani baƙin tiyo ya taso daga saman injin yana reto ƙasa, bakinsa a buɗe, ya yi kaca-kaca da baƙin mai da ƙura. Muka tambayi yaron motar, ya ce, "Ai wannan numfashin inji ne, maigida ya cire shi tun bara, yana ɓata filtir ɗin iska."

Da muka kawo maganar a shirinmu na radiyo, direbobi da makanikai da dama sun bugo waya, kuma kusan kowa ya san waɗannan dabaru biyu, wasu ma sun ce su ma haka suke yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: tsofaffin motocin da ke ɗauke da karkararmu suna iya ƙara shekaru suna aiki, amma muna kashe su da hannunmu ta hanyar raina ƙananan abubuwa biyu masu arha, filtir ɗin mai da tiyon numfashin inji. Kuma wahalar da ke biyo baya, fasinja ne ke shan ta a bakin hanya.

Mu fara da gaskiyar da ke gabanmu. Peugeot 504 ta fito a 1968, Faransa ta daina ƙera ta salun tun 1983, amma masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Yayarta 404 ta girme ta, tun 1960 take. A Turai irin waɗannan motoci yanzu kayan marmari ne, ana goge su a fito da su ranar Lahadi. A nan su ne ke kai gero da awaki kasuwar mako, su da tsofaffin Hilux da Land Cruiser da Hiace, da Starlet da Corolla na taksi a Yamai. Ba mu da kuɗin sauya su gobe ko jibi. Tunda su muke da su, to dole mu san abin da ke raya su.

Filtir aikinsa ɗaya ne. A cikinsa akwai takarda da aka naɗe lanƙwasa-lanƙwasa, mai yana wucewa, yashi da tsatsa suna tsayawa. Dalilin sa shi kuwa shi ne karbirato, wurin da esansi ke haɗuwa da iska kafin su shiga inji. Esansin yana bi ta wasu 'yan ƙofofi da makanikai ke kira jiklar. Na ralanti, wanda ke riƙe mota idan tana tsaye injin na aiki, faɗin ƙofarsa bai wuce rabin milimita ba, manyan ma kaɗan suka ɗara milimita guda. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Akwai kuma wata 'yar allura da ke rufe hanyar mai idan kwanon karbirato ya cika. Idan datti ya maƙale mata ba za ta rufe ba, esansi ya yi ta ambaliya yana zuba a kan inji mai zafi. Motoci nawa muka gani sun ƙone ƙurmus a bakin kwalta aka ce tsautsayi ne? Tsautsayi gaskiya ne, amma wani tsautsayin da waya aka huda masa hanya.

To idan filtir ya toshe, ya yi aikinsa ke nan. Yana gaya wa direba cewa tankinsa da datti. Wanda ya huda shi kamar wanda ya yaga rariya ne don gari ya ƙi sauka da sauri, sannan ya yi mamakin tsakuwa a tuwo.

Daga ina dattin ke fitowa? Kashi na farko daga inda muke sayen mai. Tun 2011 muna da matatar SORAZ a jihar Damagaram, mai ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, amma gidajen mai ba su kai ƙauyuka da yawa ba. Tsakanin garuruwa, 'yan ruwa-ruwa ne ke ceton mutane da kwalabe da bidoji. Ba mu zo nan don mu zage su ba, kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa wurinsu. Amma man da ya fito daga ganga ya shiga bido, ya fita daga bido ya shiga kwalba, ya wuni a kan tebur bakin hanya cikin hazo da ƙurar hunturu, aka zuba shi da mazurarin da ke ajiye a ƙasa, wannan mai ya kwashi baƙi da yawa a hanya. Bayan Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai kuma ƙarancin da muka sha a watan Maris na 2025, mutane sun riƙa kwalfar gindin ganga, inda ruwa da laka suke kwanciya.

Kashi na biyu daga tankin motar kansa. Tankin waɗannan motoci na ƙarfe ne, wasu sun haura shekara arba'in. Direbobinmu lita biyar lita goma suke zubawa, don haka tankin kullum rabinsa ko fiye iska ce. Da sanyin dare, danshin da ke cikin iskar nan yana zama raɓa a jikin ƙarfen. Ruwa ya fi esansi nauyi, sai ya gangara gindin tanki ya zauna yana cin ƙarfe. Jan da muka gani cikin filtir ɗin fijon nan tsatsa ce. Wanda tankinsa ya kai haka, ko filtir goma ya sauya za su toshe, sai an sauke tankin an wanke.

Ko sa filtir ɗin ma yana da ƙa'ida, kuma a nan makanikai na gari sun fi mu sani. Akwai kibiya a jikinsa da ke nuna inda mai ke bi, ba a juya ta. An fi son mai haske wanda ake ganin cikinsa, don direba ya leƙa da safe ya ga ko akwai ja ko ɗigon ruwa. Idan aka sa shi kafin fanfon mai, yana kare fanfon da karbirato gaba ɗaya. Ba a barinsa ya kwanta kusa da bututun hayaƙi, don zafi na narka roba, kuma yana sa esansi ya tafasa cikin tiyo mota ta mutu da tsakar rana, ta ƙi tashi sai ta huce. Ana ɗaure bakinsa da kolye na ƙarfe, ba da waya ko tsumman roba ba. Sannan ɗan filtir ɗin roba na motar karbirato ne kawai. Motar da ke da injeksiyo ƙarfin turin manta ya ninka na karbirato kusan sau goma, filtir na ƙarfe take so, wanda ya sa mata na roba yana neman gobara.

Masu gazuwal kuma nasu ya fi tsanani. Fanfon injeksiyo da injektoci aikinsu ya fi gashin kai siranta, kuma gazuwal ɗin ne kansa ke shafa musu santsi. Ruwa ya shiga, sun tafi, kuma gyaransu na iya cinye ribar wata da watanni. Shi ya sa filtir ɗin yawancinsu ke da ɗan kwano a ƙasa inda ruwa ke taruwa, da ɗan noti na zubar da shi. Buɗe notin nan minti biyu ne. Direbobi nawa ne ke yi?

Yanzu mu zo ga tiyon nan mai reto, wanda makanikai ke kira ranifilar, yaran mota ke kira numfashi. Sunan yaran ya dace. Duk lokacin da mai ya ƙone a kan fistan, ba duka hayaƙin ke fita ta bututun baya ba. Wani kaso yana tsallake zobban fistan, wato segiman, ya faɗa ƙasa cikin kartar, inda man inji yake kwance. Ko sabon inji yana yin haka kaɗan, tsoho kuwa da segimansa suka cinye yana yi sosai. Wannan hayaƙi yana ɗauke da esansin da bai ƙone ba, da baƙin toka, da tururin ruwa. Mutane da yawa ba su san cewa duk lita ɗaya ta esansi da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi ba. Idan abin da ya faɗa kartar bai samu hanyar fita ba, abu biyu ke faruwa. Na farko, yana gurɓata man inji, ya tsinka shi, ya mai da shi laka, har ka ga wani fari-fari mai kauri a ƙarƙashin murfin zuba mai. Na biyu, iska na taruwa ta matsa, sai ta turo mai ta duk inda ta samu rauni: ta juwan, ta bakin sandar auna mai, ta gaba da bayan inji.

Motocin farko bututu kawai ake sa musu ya leƙa ƙasa, iskar gudu tana jan hayaƙin waje. Idan mota na tsaye ko tana tafiya a hankali, ba ya jan komai. Da hayaƙi ya addabi birnin Los Anjalas na Amurka, jihar Kaliforniya ta wajabta a riƙa mayar da wannan hayaƙi cikin inji ya sake ƙonewa, daga baya duniya ta bi. Shi ya sa motocin da muke da su suke da tiyo da ya taso daga saman inji ya koma gidan filtir ɗin iska ko bututun shigar iska. A kan hanyarsa akwai raga ta ƙarfe da ke tare ɗigon mai, a wasu motocin kuma, kamar na Toyota, akwai ɗan bawul da ke daidaita yawan iskar da ake ja.

Me muke yi da wannan tsari a garejinmu? Idan inji ya tsufa ya fara tura mai cikin filtir ɗin iska, sai a zare tiyon a bar shi yana reto. Sau da yawa ramin da aka zare shi a gidan filtir ɗin iska a buɗe ake barinsa. A ƙasar da ƙura ke rufe rana wata uku, wannan rami na iya zama ƙofar da yashi ke shiga ba tare da an tace shi ba. Tiyon da ke reto shi ma ba fitarwa kawai yake yi ba, yana shaƙa, don fistan na hawa suna sauka. Yashi ya haɗu da man inji ya zama abin wasa wuƙa, ya ci segiman, ya ci kusine. Segiman suka ƙara cinyewa, hayaƙin kartar ya ƙaru. An gudu daga ƙaramar matsala an faɗa babba. Wasu kuma sun fi haka ɓarna: su cusa noti ko guntun itace su toshe tiyon gaba ɗaya don kada ya ɗiga. Bayan sati biyu mai na zuba ta ko'ina, a sauya juwan, ya sake fashewa, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Alhali an toshe wa inji hanci ne.

Adalci ne mu faɗi abin da direbobi da makanikai suka ce mana, don ba wauta ce ke sa su ba. Direba yana da kuɗin da zai kai wa mai mota kowane yamma, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Idan ya ce a sayi filtir, wani mai motar zai ce cuta ce. A tsakiyar daji kuma, da fasinja tara suna harararsa, huda filtir ya fi masa sauƙi da ya ce a jira. Makaniki shi ma yana da hujja: inji mai yawan hayaƙi da gaske yana jiƙa filtir ɗin iska, kuma a injin gazuwal da ya gaji, man da ke bin tiyon nan na iya zama abincin injin, ya yi ta gudu shi kaɗai ko an zare makulli, har ya fashe. Sannan kasuwa cike take da filtir na jabu, wanda takardarsa ke yagewa cikin kwana kaɗan. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ba mu yarda talauci ne ya hana ba, don lissafin ba ya ba da haka. Ɗan filtir na roba bai kai kuɗin 'yan litocin esansi ba. Direban fijon nan ya yi asarar wuni guda, ya mayar wa wasu fasinjoji kuɗinsu, kuma babu wanda ke cikin motar da zai sake neman sa a tasha. Da akwai sabon filtir guda a akwatin gaba da sukudireba, minti biyar ya ishe shi. Wanke ragar numfashi da gazuwal ba ya cin ko dala. Shi kuwa gyaran inji gaba ɗaya, kowa ya san jikkuna nawa yake ci. Talaka ne ya fi kowa buƙatar rigakafi, tunda shi ne ba ya da na magani.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba sai an jira hukuma ba. Direba ya riƙa tafiya da filtir na ajiya kamar yadda yake tafiya da taya. Ya leƙa nasa kowace safiya, ya sauya shi da zarar ya canza launi, mai gazuwal ya riƙa zubar da ruwan kwano. Duk lokacin bidanj, wato sauya man inji, a cire tiyon numfashi a duba ko ya tsage ko ya toshe, a wanke ragar, bawul ɗin kuma a girgiza shi kusa da kunne: mai lafiya yana ƙara, wanda ya yi shiru ya maƙale. Gwajin segiman ma mai sauƙi ne: inji na ralanti, a buɗe murfin zuba mai a sa tafin hannu sama da shi. Ɗan huci kaɗan ba komai, amma idan yana bugun hannu yana fitar da hayaƙi kamar murhu, lokacin gyara ya yi. Wanda bai da halin gyara yanzu, akwai mafita ta tsakiya da makanikai masu lura ke yi: a sa ɗan gwangwani rufaffe a tsakiyar tiyon, mai ya riƙa taruwa a ciki ana zubarwa, iskar ta wuce ta koma inji. Idan kuma dole aka zare, to a toshe ramin gidan filtir ɗin iska da kyau, a sa wa bakin tiyon abin tace ƙura.

'Yan ruwa-ruwa, 'yan uwanmu, ku rufe kwalabe da bidoji, ku rataye mazurari maimakon ajiye shi a ƙasa, ku sa masa ƙyalle mai tsabta, kuma ku bar na gindin ganga. Wanda aka san mansa da tsabta, direbobi da kansu za su yi masa talla. Masu motoci, idan direba ya ce filtir, ku ba shi, ku ce ya kawo tsohon ku gani. Shugabannin sandika na tashoshi, kuna da ikon hana mota lodi idan ba ta biya kuɗin layi ba. Wannan iko ya isa ku ce a buɗe kapo kafin a ɗauki rayukan mutane zuwa hanya mai nisa. Makanikai manya kuma, yaran da ke hannunku abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin masu zuwa. Ku gaya musu dalilin kowane tiyo kafin ku koya musu cire shi.

Mu fasinjoji ma muna da namu laifin. Mu ne ke cewa "direba yi dabara mu tafi", mu ne muka tafa wa mai huda filtir. Gobe idan mota ta tsaya direba ya ce zai sauya abu, mu ba shi minti goma cikin haƙuri. Idan muka ga ya ɗauko waya zai soka, mu ce masa, "Malam direba, don Allah ba ka da sabo?" Tambaya ce kawai, amma idan ya ji ta daga baki goma zai saya ya ajiye.

Makanikan da ke karanta mu, inda muka yi kuskure ku gyara mana, inda muka rage ku ƙara, za mu karanta a shirinmu na gaba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.